Masu Hawan Igiyar Ruwa a Tsibirin Owahu

Can tsakiyar Tekun Pasifik, watau tekun da ya fi kowane teku girma a duniya, akwai waɗansu tsibirai da ake kira Hawayi. Manyansu takwas ne. Suna da nisa ƙwarai da kowace babbar ƙasa, gama daga can zuwa gaɓar Amurka ya kai kilomita 3,800, babu kome tsakani sai ruwa. Asalinsu duwatsu ne masu aman wuta, waɗanda suka taso daga ƙarƙashin teku tun zamani mai nisa. Tun shekarar 1959 Hawayi ta zama ɗaya daga cikin jihohin Amurka. Babban birninta shi ne Honolulu, yana kan wani tsibiri mai suna Owahu. Wajen girma Owahu shi ne na uku, amma ya fi sauran duka yawan mutane. Ƙasar zafi ce mai yawan ruwan sama, ga kwakwa ga ayaba, ba a san sanyi mai tsanani a bakin tekunta ba.

Akwai wani wasa da sunan tsibirin nan ya shahara da shi ko'ina cikin duniya, shi ne hawan igiyar ruwa, wadda waɗansu kan kira raƙumin ruwa. Ga yadda ake yinsa. Mutum zai ɗauki wani dogon allo, ya kwanta bisansa rub da ciki, ya yi ta tuƙi da hannuwansa kamar filafilin kwalekwale, har ya wuce wurin da ruwa ke fashewa. Sa'an nan ya zauna bisa allon yana jira, idonsa yana kan teku. In ya hango igiyar da ta yi masa, sai ya juya kan allon ya fuskanci tudu, ya tuƙa iyakar ƙarfinsa. Da ya ji ruwan ya ɗaga shi, sai ya yi wuf ya miƙe tsaye, ya bi gefen igiyar yana zamiya, tana kora shi wajen gaɓa da gudu kamar na doki. Mutanen Hawayi suna kiran wasan nan he'e nalu da harshensu, ma'anarsa zamiya bisa igiyar ruwa.

Mai kallo daga tudu zai zaci duk inda teku yake ana iya wasan nan. Ba haka abin yake ba. Akwai wurare sanannu, kowanne da sunansa, da halinsa, da lokacinsa cikin shekara. Wani wurin yaro ɗan shekara bakwai yana iya shiga, wani kuwa ko gwani sai ya yi shawara da zuciyarsa tukuna. Kafin a gane dalilin wannan bambanci, sai an san inda igiyar ruwa take fitowa.

Iska ce ke haifar da ita. In aka yi babban hadiri a tsakiyar teku, iska mai ƙarfi ta yi kwana da kwanaki tana bugun ruwa, sai ruwan ya riƙa tashi tudu tudu. Ko bayan iskar ta kwanta, tuddan nan ba su tsayawa, sai su jeru su kama tafiya, su yi dubban kilomitoci ba su gaji ba. Abin mamaki a nan shi ne, ruwan kansa ba ya tafiya tare da su. In yaro ya ɗaure igiyar guga a jikin itace, ya riƙe ɗaya bakin ya kaɗa, zai ga wani ƙullutu ya bi igiyar a guje har gindin itacen, alhali igiyar tana nan hannunsa ba ta je ko'ina ba. To, haka yake ga teku. Ƙarfin iskar ne ke wucewa ta cikin ruwa, ruwan kuwa ya ɗaga ya sauka a inda yake.

Muddin akwai zurfi, igiyar ruwa ba ta fashewa. Jirgi yakan hau ta ya sauka lafiya lau. Amma sa'ad da ta iso kusa da gaɓa, inda zurfi ya ragu, sai gindinta ya fara jan ƙasa, ya rage gudu, samanta kuwa yana nan da saurinsa. Sai ta miƙe ta ƙara tsawo, kanta ya rinjaya gaba, ta kife, kamar mai gudun da ya yi tuntuɓe. Saboda haka ƙasan teku shi ke hukunta yadda za ta fashe. Inda ƙasan ya tashi sannu sannu, sai ta fashe a hankali, ta yi ta gangarowa da kumfa. Inda kuwa ta fito daga zurfi ta ci karo da dutse farat ɗaya, sai ta tashi tsaye kamar garu, ta faɗo gaba ɗaya da ƙara kamar aradu.

Owahu yana samun igiyoyi daga fuska biyu. Daga watan Nuwamba zuwa Maris ana yin manyan hadura can arewa, wajen ƙasar Alaska, igiyoyinsu kuwa su zo su bugi arewacin tsibirin da dukan ƙarfinsu. Daga Mayu zuwa Satumba sai arewa ta kwanta, kudu ta tashi, gama lokacin ne ake hadiri can kudancin duniya wajen Niyu Zilan. Waɗannan na kudu sukan yi kamar mako guda a hanya, saboda haka sukan iso a jere, da ladabi, ba su cika girma ba.

A kudancin tsibirin, cikin birnin Honolulu, akwai wata gaɓa mai farin rairayi da ake kira Waikiki. Nan ne makarantar masu koyo. Ƙasan tekun wurin shimfiɗaɗɗe ne, igiyar takan fashe tun daga nesa, ta ɗauki mutum ta yi tafiya mai tsawo da shi ba ta yar da shi ba. Kowace safiya akan ga baƙi daga ƙasashe dabam dabam suna koyon tsayuwa, suna faɗuwa, suna tashi, masu koya musu suna tura musu allo daga baya.

Tun kafin a gina manyan benayen da ke wurin yanzu, Waikiki wurin shaƙatawar sarakunan Hawayi ne. A zamanin da, kowa yana wasan, maza da mata, yara da tsofaffi, sarakuna da talakawa. In teku ya yi kyau, akan bar gona da sauran ayyuka a tafi ruwa. Amma ko cikin ruwa akwai girma da daraja. Sarakuna suna da nasu irin allo, wanda ake kira olo, mai kauri, tsawonsa yakan kai mita 5, an sassaƙa shi daga wani itace marar nauyi mai suna wiliwili. Talakawa kuwa suna hawan wani gajere marar kauri da ake kira alaya, wanda galibi akan yi da itacen kowa, wani itace mai ƙarfi na dazukan tsibirin. Akwai ma wuraren da aka keɓe wa sarakuna, talaka bai isa ya shiga ba. Sassaƙar allo ba ƙaramin aiki ba ne a wurinsu. Sai an zaɓi itace, a sare shi da gatarin dutse, gama ba su da ƙarfe, a goge shi da murjani har ya yi santsi, kana a shafe shi da man wani ɗan itace don kada ya sha ruwa. In an gama wasa sai a shanya shi, a naɗe shi cikin ƙyalle, a rataye cikin ɗaki.

A shekarar 1778 wani matuƙin jirgin ruwa na Ingila, Kyaftin Kuk, ya iso tsibiran nan. Ɗaya daga cikin mataimakansa ya rubuta labarin wasan bayan ya gan shi a 1779, yana mamakin ƙarfin zuciyar masu yinsa. Ba mutanen Hawayi kaɗai suka san irin wannan abu ba. Cikin ƙarni na 19 wani Bature matafiyi ya rubuta cewa ya ga yara a bakin tekun Ankara ta ƙasar Gana suna shiga ruwa da 'yan alluna ƙarƙashin cikinsu, igiyar ruwa tana komo da su tudu. Sai dai a Hawayi ne wasan ya fi bunƙasa, daga can kuma ya yaɗu zuwa sauran duniya.

Zuwan baƙi ya kusa kashe wasan. Jiragensu sun kawo cututtukan da mutanen tsibiran ba su taɓa sani ba, irin su ƙyanda da agana, aka yi ta mutuwa. Mutanen da a da suke dubbai ɗari ɗari, kafin shekarar 1890 sun koma wajen dubu 40. Masu wa'azin Kirista da suka fara zuwa a 1820 kuma ba su so wasan ba, domin ana caca a kansa, mutum ya sa aladensa ko kwalekwalensa, kuma maza da mata suna shiga ruwa tare. A 1893 aka tumɓuke sarauniyarsu ta ƙarshe, a 1898 Amurka ta haɗe ƙasar. A lokacin nan masu hawan igiyar ruwa a Waikiki sun zama 'yan kaɗan.

Cikin 'yan kaɗan ɗin nan aka sami wani yaro, Diyuk Kahanamoku, wanda aka haifa a 1890, ya tashi a bakin tekun Waikiki. Gwanin iyo ne na gaske. A 1912 ya je wasannin Olamfik a ƙasar Suwidin ya ci lambar zinariya a iyon mita 100, ya sake ci a 1920. Duk ƙasar da aka gayyace shi nuna iyo, in akwai teku, sai ya nuna musu wasan kakanninsa. A ƙarshen 1914 ya sassaƙa allo da hannunsa a birnin Sidni na Ostireliya, ya hau gaban taron jama'a, mutanen ƙasar suka ɗauka, har yau kuwa ba su bari ba. A 1925, yana zaune a Kalifoniya, wani jirgin kamun kifi ya kife kusa da gaɓa. Kahanamoku ya shiga da allonsa, ya je ya komo, ya je ya komo, har ya fid da mutum takwas da rai. Tun daga nan masu aikin ceto a bakin teku suka ga amfanin allo, suka riƙa aiki da shi. Ya rasu a 1968. Akwai gunkinsa na tagulla a Waikiki, da dogon allo tsaye a bayansa.

Allon Kahanamoku na katako ne, nauyinsa ya fi kilo 50. Na zamanin yanzu da wani irin soso mai tauri ake yinsu, a lulluɓe da wani abu mai kama da gilashi. Na gwanaye bai wuce mita 2 ba, yaro ma yana iya ɗaukarsa da hannu ɗaya. Akan goga kaki a samansa don kada ƙafa ta zame, akwai kuma wata igiyar roba da ake ɗaurewa a idon sawu, don in mutum ya faɗi allon kada ya tsere masa.

A yammacin Owahu akwai Makaha, inda aka fara babbar gasa ta ƙasashe a 1954. Amma wuraren da suka fi ban tsoro suna arewa. Daga Honolulu tafiyar kamar sa'a guda ce a mota. A can akwai wata gaɓa wadda tsawonta bai wuce kilomita 11 ba, amma wuraren wasa sun jeru a kanta kamar rumfunan kasuwa, duk shekara kuwa in Disamba ta yi, gwanayen duniya can suke taruwa.

Ɗaya daga cikin wuraren nan Turawa suka sa masa suna Pipeline, watau bututu. A 1961 ne wurin ya sami sunan, lokacin da ake aikin binne bututu a gefen hanyar da ke kusa, sunan kuwa ya dace da shi ƙwarai. Ƙarƙashin ruwan wurin akwai wani faffaɗan dutse mai kaifi, mai ramuka da koguna, ruwan da ke bisansa kuwa wani lokaci bai fi tsayin mutum ba. Igiya takan fito daga zurfi ta ci karo da dutsen nan, ta miƙe, kanta ya wurga gaba ya faɗa nesa da gindinta, sai ya zama akwai rami a tsakiya, zagayayye kamar bakin tulu. Burin kowane gwani shi ne ya shiga ramin nan yana tsaye bisa allonsa, ruwa ya rufe shi sama da gefe, masu kallo su daina ganinsa, kana ya fito ta ɗaya bakin tare da feshin ruwa. Abin bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. In kuwa ya yi kuskuren taki ɗaya, ruwa ya ɗaga shi ya maka bisa dutse. An yi asarar rayuka da dama a wurin, cikinsu har da ƙwararru, shi ya sa waɗansu suke sa hular kwano kafin su shiga.

Saboda yawan masu son igiya ɗaya, wasan yana da dokokinsa. Wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara fashewa, tasa ce, ba a shiga gabansa. Baƙo kuma yakan jira, ya ba 'yan gari girmansu. Abu na farko da ake koya wa yaran tsibirin shi ne kada su juya wa teku baya, na biyu kuwa shi ne sanin hanyar da ruwa ke komawa. Gama duk ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa sai ya koma, yakan kuwa tattaru ya bi hanya ɗaya kamar kogi cikin teku. In ya ɗauki wanda bai sani ba, sai ya yi ta kokawa da shi yana neman tudu, har ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ya sani kuwa sai ya yi iyo a kaikaice, ya bi tsawon gaɓa, ya fita daga cikinsa, gama ba shi da faɗi. Gwanaye har hawansa suke yi da gangan, ya kai su waje ba wahala.

Kaɗan yamma da Bututu akwai Waimeya, wani lungu inda teku ya shigo cikin ƙasa, wani ɗan kogi kuma yana zuba a cikinsa. Wanda ya zo wurin a watan Yuli zai tarar da ruwa kwance kamar na tafki, garai garai, yara suna hawa wani babban dutse suna tsalle ciki. In ya komo a Janairu ba zai gane wurin ba. Igiyoyi sukan tashi su kai mita 10, wani lokaci su fi, watau kamar bene hawa uku ko huɗu, ana jin rugugin faɗuwarsu tun daga nesa. A 1943 waɗansu mutum biyu da teku ya tasar wa a wata gaɓa ta kusa suka tuƙo zuwa Waimeya suna neman mafita. Ɗaya ya tsira da ƙyar, ɗayan kuwa, saurayi ɗan shekara 17, ba a sake ganinsa ba. Daga nan aka ji tsoron wurin, aka yi shekara 14 ba mai hawa, sai a Nuwamba 1957 waɗansu samari suka yi ƙarfin hali suka shiga, suka fito lafiya.

Sunan da ba a raba shi da Waimeya shi ne Edi Aikau, ɗan asalin Hawayi, wanda aka haifa a 1946. A 1968 hukumar Honolulu ta ɗauke shi aikin ceto, shi ne na farko da aka ba wannan aiki a arewacin tsibirin. Ya ceci mutum fiye da 500, ba a kuwa taɓa rasa rai a Waimeya yana bakin aiki ba. Ranar da ruwa ya hana kowa shiga, in an ce ga wani can yana nutsewa, Edi zai ɗauki allonsa ya tafi. Shi kansa gwanin hawan manyan igiyoyi ne, a 1977 ya ci gasar da ake yi da sunan Kahanamoku.

A wancan zamani mutanen Hawayi suna ƙoƙarin raya al'adun kakanninsu. Sun gina wani babban kwalekwale mai jiki biyu da filafilan iska, irin wanda kakanninsu suka ƙetare teku da shi, suka sa masa suna Hokuleya. A 1976 ya je tsibirin Tahiti ba tare da na'urar nuna hanya ba, sai taurari da iska da igiyar ruwa. Da za a sake tafiyar a Maris 1978, aka zaɓi Edi cikin matuƙa. Ba su yi nisa ba iska ta taso da dare, ruwa ya shiga, kwalekwalen ya kife kudu da tsibirin Molokai. Mutanen suka kwana manne a bayansa, ruwa yana jansu nesa da hanyar jirage. Da gari ya waye Edi ya nemi izinin shugaban tafiyar, ya hau allonsa ya nufi tsibirin Lanai don ya kira taimako. Daga baya wani jirgin sama ya hango sauran, aka zo aka kwashe su duka da rai. Edi kuwa aka yi ta nemansa ta sama da ta ruwa, ba a same shi ba. Shekarunsa 31. Har yanzu in abu ya yi wuya mutanen tsibirin sukan ce da juna, da Edi ne da ya tafi.

Don tunawa da shi aka kafa gasa da sunansa. Gasar nan dabam take da sauran, gama ba ta da ranar da aka tsayar. Akan gayyaci gwanaye su zauna cikin shiri daga Disamba zuwa Maris, ba kuwa za a yi ta ba sai ranar da igiyoyin Waimeya suka kai wajen mita 12, suka kuma dawwama haka yini guda. In shekara ta wuce teku bai ba da haka ba, sai kowa ya koma gida. Saboda wannan, daga 1985 zuwa 2023 sau 10 kaɗai aka yi ta. Wadda aka fara yi a Waimeya, ƙanen Edi ne ya ci.

Ran 22 ga Janairu 2023 teku ya tashi, aka yi shela, dubban mutane suka cika gaɓa da tuddan da ke kewaye tun kafin asuba. A ranar ne mata suka fara shiga gasar tare da maza. Cikin waɗanda aka gayyata akwai wani saurayi mai suna Luk Shefadson, ma'aikacin ceto na arewacin Owahu, watau mai irin aikin Edi, ranar kuwa yana bakin aiki a Waimeya. Ya nemi izinin shugabansa, in lokacinsa ya yi ya tuɓe rigar aiki ya shiga ruwa, in ya fito ya mai da rigarsa ya koma tsaron jama'a. Da yamma aka lissafa maki, aka tarar ya fi kowa, har da zakarun duniya da ke cikin gasar. Da rigarsa ta aiki mai ruwan ɗorawa ya hau dandamali ya karɓi kyautarsa.